Yadda ake haɗa alƙaluman damina da na zazzaɓin cizon sauro a tebur guda da manhajojin kyauta

Duk wanda ya taɓa aiki a ɓangaren yara na wani asibiti a jihar Maradi ya san watan Satumba. Gadaje sun cika, an shimfiɗa tabarmi a baranda, ana neman masu ba da jini, ga majon wata CSI, wato shugaban ƙaramar cibiyar kiwon lafiya, yana bugo waya cewa TDR, kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take, ya ƙare tun shekaranjiya. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan cikowar ba ta taɓa zuwa babu sallama. Ruwan da ya haife ta ya sauka makonni da dama kafin nan, ma'aikacin meteo, wato hukumar yanayi, ya auna shi ya rubuta. Sai dai littafinsa yana wani ofis, rajistar majo tana wani ofis, babu mai gama su wuri guda.

Gama su ɗin shi ne aikin da zan nuna maka. Na yi shi damina bayan damina, kuma ba ya buƙatar sayen manhaja ko ta dala. Zan bi da zazzaɓin cizon sauro, wanda muke ce wa palu, domin shi ne ya fi bin ruwa sau da ƙafa. In hannunka ya faɗa a kansa, sanƙarau da tamowa duk hanya ɗaya ce.

Kayan aiki

Kwamfuta ta hannu, ko tsohuwa ce, muddin batirinta na riƙe awa biyu in an ɗauke wuta. Kile guda, wato USB, don ajiyar kwafi. Intanet ba kullum za ka buƙace shi ba, ranar sauke bayanai kawai.

Manhajoji huɗu ne. LibreOffice Calc, wanda ke yin duk lissafin da Excel ke yi. QGIS na taswira. KoboCollect ko ODK Collect a kan salula mai Android, in za ka tattara awon ruwa daga ƙauyuka. Sai DHIS2, rumbun da ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke zuba rahotannin cibiyoyi a ciki. Cibiyar HISP ta jami'ar Oslo a ƙasar Norwe ce ke kula da gina shi, kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da shi. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne: kowa na iya saukewa, ya duba yadda aka gina su, ya yi aiki da su ba tare da biyan lasisi ba.

Abu na ƙarshe shi ne izini. Ka sami babban likitan gunduma ka faɗa masa abin da kake so ka yi, a buɗe maka asusunka na DHIS2 da sunanka. Kada ka ari kalmar sirrin wani. Alƙaluman da aka riga aka tara jimla za ka taɓa kawai. Sunan majiyyaci, lambar wayarsa ko unguwarsu ba su da gurbi a teburinka, kuma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke tsaronta, HAPDP.

1. Tsayar da tambaya ɗaya, wuri ɗaya

Sabon shiga yakan so ya ɗauki gundumomin kiwon lafiya tara na jihar gaba ɗaya, da cututtuka biyar, da zafi da iska da ƙura. Wanda ya yi haka, wata biyu sai ya ajiye. Ɗauki gunduma ɗaya, Madarunfa ko Gidan Rumji ko Tasawa, wadda ka san hanyoyinta da mutanenta. Rubuta tambayarka a takarda: bayan damina ta kankama, makonni nawa ake yi kafin palu ya hau, kuma bana ya fi na shekarun baya ko bai kai ba? In ka amsa wannan kaɗai, ka yi abin da zai canza ranar odar magani.

2. Fitar da alƙaluman lafiya

Shiga DHIS2, buɗe manhajar da ke zana tebur da hoto, wadda a Faransanci aka rubuta Visualiseur de données. Zaɓi abubuwa huɗu: yawan waɗanda aka yi wa gwaji, yawan waɗanda gwajin ya tabbatar, yawan masu palu mai tsanani, da kason rahotannin da suka shigo. In akwai rabon shekaru, ware yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ɗauki aƙalla shekara biyar, mako-mako in rahoton MDO na mako, na cututtukan da dole a sanar da su, yana nan cikakke, in babu ka ɗauki na wata-wata. Sauke shi a matsayin CSV, fayil ɗin tebur da Calc ke iya buɗewa, kuma ka sa ya fito da lambar shaidar kowace cibiya tare da sunanta.

Wannan lambar, mai haruffa da alƙaluma 11, ita ce za ta cece ka. Sunayen garuruwanmu kowa da yadda yake rubuta su: Guidan Roumdji, Guidan-Roumji, Gidan Rumji; Djirataoua da Jiratawa; Tessaoua da Tasawa. Kwamfuta tana ɗaukar kowanne gari daban. Da lamba za ka riƙa haɗa tebur da tebur, suna na idon ɗan'adam ne.

Idan ba ka samu shiga DHIS2 ba, je wurin mai kula da sa ido kan annoba na gunduma, ka roƙi kwafin rahotannin mako, ka shigar da su da hannu. Shekara biyar mako 260 ne da ɗoriya, aikin yini biyu ko uku.

3. Wanke su kafin ka yarda da su

A nan rabin aikin yake, kuma a nan ake gaggawa a ɓata komai.

Fara da bambanta sifili da gurbi. Sifili na nufin majo ya aiko rahoto, babu majiyyaci. Gurbi na nufin rahoton bai zo ba. DHIS2 sau da yawa ba ya ajiye sifili, don haka sai ka duba kason rahotanni kafin ka gane wanne ne wanne. Duk makon da rahotannin da suka shigo ba su kai kashi 80 cikin 100 ba, shafa masa launi, kada ka gina hukunci a kansa.

Sannan ka nemi makonnin da alƙaluma suka faɗi ƙasa tsakiyar damina. Ruwa ba ya tsami banza. Na taɓa ganin wata gunduma da palu ya ragu da kusan rabi a tsakiyar Satumba, har muka fara murna a taro. Da na kira majoji uku, amsarsu ɗaya: TDR ne ya yanke musu mako biyu. Marasa lafiya suna nan, gwajin ne babu, shi ya sa ba a rubuta su cikin waɗanda aka tabbatar ba. Tun daga ranar ba na kallon yawan masu palu sai da yawan gwaji a gefensa. Raba waɗanda aka tabbatar da waɗanda aka gwada, ka ninka da 100. In gwaji ya faɗi amma wannan kason yana sama, kayan aiki ne suka ƙare.

Buɗe shafi na musamman ka sa masa suna "abubuwan da suka faru". Rubuta ranakun kowane zagaye na CPS, maganin rigakafin da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata a damina, wanda aka soma a Nijar a 2013. Rubuta shekarar rabon gidan sauro, yajin aiki, buɗe sabuwar CSI, zuwan 'yan gudun hijira irin waɗanda suka shigo yankin Gidan Rumji daga Najeriya tun 2019, da rage kuɗin ganin likita da gwamnati ta yi a 2024. Kowanne cikinsu na iya ɗaga alƙaluma ko ya sauke su, ruwa bai san an yi ba.

Daga ƙarshe, yawan jama'a. Masu palu dubu a gunduma mai mutum dubu ɗari ba daidai suke da dubu a mai dubu ɗari biyar ba. Raba yawan majiyyata da yawan jama'a, ka ninka da 1000. Alƙaluman jama'ar da ake aiki da su hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2012, saboda haka ka riƙe tushe ɗaya daga farko har ƙarshe. A cibiyoyin bakin iyaka kamar na wajen Dan Isa, ka tuna akwai masu tsallakowa neman magani waɗanda ba sa cikin lissafin jama'ar yankin.

4. Samo alƙaluman yanayi

Hanya uku ce, kuma na fi son mutum ya riƙe biyu a hannu.

Ta farko ita ce awon ƙasa. Hukumar meteo ta ƙasa tana da tasha a Maradi, sannan ma'aikatan gona na ƙananan hukumomi suna riƙe da littafin ruwan sama na garuruwa da yawa. Rubuta takardar buƙata ta hannun shugabanka, ka nemi na kullum-kullum. In aka ba ka na kwana goma-goma, wanda shi ne tsarin da meteo da cibiyar AGRHYMET ta Yamai suka saba fitarwa, ba zai shiga makonnin lafiya ba, domin kwana goma ba ya rabuwa bakwai-bakwai. Da irinsa sai dai ka koma lissafin wata.

Ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam. Ka ɗauka an zana ƙasa kamar gurabun dara, kowane gurbi an ba shi adadin ruwansa na kowace rana. CHIRPS, na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka, gurbinsa kimanin kilomita 5 ne, ya faro daga 1981, kuma yana gauraya hoton gajimare da awon tashoshi. Shi na fi amincewa da shi a kan ruwa. TAMSAT na jami'ar Reading a Ingila, wanda aka yi don Afirka, ya faro daga 1983, gurbinsa kilomita 4. ERA5-Land na shirin Copernicus na Turai gurbinsa kimanin kilomita 9 ne, yana komawa har 1950, kuma a wurinsa nake ɗaukar zafi da laimar iska.

Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne NASA POWER. Ka shiga shafinsa, ka zaɓi wuri guda, ka sa 13.5 a gidan latitud da 7.1 a gidan longitud, wato birnin Maradi, ka zaɓi ruwa, zafi da laima na kullum, ka sauke CSV. Gurbinsa babba ne, ya haura kilomita 50, don haka ba zai bambanta maka Tibiri da Maradi ba, amma ya isa koyo. Ka kula da lambobin nan biyu. In ka juya su, ka sa 7.1 a sama da 13.5 a ƙasa, ka sauka kusa da Ngaundere a Kamaru, inda ruwan shekara ya ninka namu fiye da biyu. In ka ga jimlar shekara ta Maradi ta haura milimita 1000, tsaya ka duba, domin abin da muka saba gani yana tsakanin 400 da 600, kudu ta fi arewa.

Ta uku ita ce manhajar yanayi ta cikin DHIS2 kanta, mai suna Climate, wadda ta fito a 2024. Tana ɗauko ERA5-Land da CHIRPS ta lissafa wa kowace gunduma nata, ta zuba su gefen alƙaluman lafiya. In mai kula da rumbun a Yamai ya girka ta, ya haɗa ta da Google Earth Engine, kuma iyakokin gundumarka suna ciki, ka huta da mataki na 5. Ba aikin da za ka yi daga gunduma ba ne, amma tambaya ba ta da tsada. Earth Engine ɗin kansa ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, ana dai ba da shi kyauta ga aikin da ba na kasuwanci ba.

Tarko uku na jiran ka wajen buɗe waɗannan fayiloli. Na ɗaya, suna rubuta 12.5 da ɗigo, kwamfutocinmu masu Faransanci kuma suna jiran 12,5 da waƙafi. In ba ka canza harshe zuwa Ingilishi a akwatin da ke fitowa lokacin buɗe CSV ba, Calc zai ɗauki adadin a matsayin rubutu, jimla ta ba ka sifili. Na biyu, inda babu awo NASA POWER na sa -999, CHIRPS na sa -9999. Goge su ka bar gurbi, in ba haka ba kwana ɗaya zai cinye maka ruwan shekara. Na uku, ɗanyen ERA5-Land yana ba da ruwa da mita, zafi da ma'aunin Kelvin. Ninka ruwan da 1000, ka cire 273,15 daga zafin.

5. Daidaita wuri

Wannan matakin na wanda ya sauke hotunan CHIRPS ne. Sauke iyakokin gundumomi daga DHIS2, ko daga shafin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya. Buɗe QGIS, jawo fayil ɗin iyakoki da hoton ruwan wata guda, ka tabbata sun hau kan juna. Nemi aikin da ake kira Statistiques de zone, zaɓi matsakaici kawai. Zai ƙara wa teburin iyakokin layi mai ɗauke da matsakaicin ruwan kowace gunduma. Akwai maɓallin maimaita aiki a kan fayiloli da yawa lokaci guda, da shi za ka yi na wata 60 a zama ɗaya.

Matsakaici na ce, ba jimla ba. In CSI goma kowace ta samu milimita 30, gunduma ta samu 30 ne, ba 300 ba. Majiyyata ake tarawa daga cibiya zuwa gunduma, ruwa kuwa ana raba shi. Na ga wannan kuskuren har a teburin da aka nuna a babban taro.

In yankunan CSI ba su da iyaka a taswira, ɗauki wurin da cibiyar take, ka zana mata da'ira ta kilomita 5, ko 15 in jama'arta a warwatse suke. Kafin ka zana, mayar da taswirar zuwa EPSG:32632, wanda ke awo da mita kuma ya dace da jiharmu. In ka bar ta a 4326, wanda ke awo da digiri, QGIS zai fahimci 5 ɗin a matsayin digiri biyar, da'irar ta haɗiye har Kano. Ga gunduma mai tsawo kamar Dakwaro, matsakaici ɗaya yana ɓoye gaskiya, domin kudancinta na noma da arewacinta na kiwo ba ruwa ɗaya suke samu ba. Raba ta biyu.

6. Daidaita lokaci

Makon lafiya yana farawa Litinin ya ƙare Lahadi, kuma DHIS2 na rubuta shi kamar haka: 2024W35. Dole kowace rana ta teburin ruwa ta sami irin wannan alamar. In kwanan wata yana gidan A2, rubuta wannan a gidan da ke gefensa:

=ANNEE(A2-JOURSEM(A2;2)+4)&"W"&NO.SEMAINE.ISO(A2)

Ja shi har ƙasa. Dalilin tsawonsa shi ne ƙarshen shekara. Ranar 30 da 31 ga Disamba 2024 suna cikin mako na 1 na 2025, haka 1 zuwa 3 ga Janairu 2021 suna cikin mako na 53 na 2020. Wanda ya ɗauki shekarar kalanda kai tsaye zai jefa waɗannan ranaku inda ba nasu ba. Shekarar 2026 ma mako 53 gare ta.

Yanzu tara ruwan kowane mako da SOMME.SI.ENS, ka ɗauki matsakaicin zafi da laima da MOYENNE.SI.ENS. Ƙara layi ɗaya na yawan ranakun da ruwa ya kai milimita 1. Ruwa milimita 60 da ya sauka sau huɗu a mako yana riƙe kududdufi fiye da 60 da ya zubo dare ɗaya rana ta shanye shi.

Abu ɗaya game da littafin ma'aikatan gona: da safe ake karanta ma'auni, ruwan da aka tarar na jiya ne. Tambayi mai littafin a wace rana yake rubuta shi, don ruwan daren Lahadi kada ya tsallaka mako.

7. Gama su, ka nemo jinkirin

Yi sabon shafi, kowane layin kwance mako ɗaya na wuri ɗaya: lambar wuri, suna, mako, jama'a, gwaji, waɗanda aka tabbatar, adadi cikin 1000, ruwa, ranakun ruwa, zafi, laima. Jawo na yanayi da RECHERCHEV bisa alamar mako. Ɗauki makonni biyar ka duba su da ido a fayilolin asali kafin ka ci gaba.

Zana hoto: ruwa a matsayin sanduna, palu a matsayin layi, kowanne da ma'auninsa a gefe. Za ka ga tudu biyu kowace shekara, na ruwa a Agusta, na palu yana biye da shi. Tazarar da ke tsakaninsu ita muke nema, kuma tana da dalili. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 10 zuwa 14 ne a irin zafinmu. In ya ciji mai cutar, ƙwayar na buƙatar wasu kwana 10 zuwa 14 a cikinsa kafin ya iya harba wa wani. Wanda aka harba kuma sai bayan mako ɗaya zuwa biyu zazzaɓi ke kama shi. Ka ƙara kwanakin da uwa ke yi tana gwada na gida kafin ta ɗauko yaro. Shi ya sa ake samun wata ɗaya zuwa biyu. Iyayenmu mata sun riga mu sani, su da ke cewa in gero ya yi bununi a shirya wa masassarar yara. Abin da tebur ya ƙara shi ne lambar mako.

Don auna tazarar, yi layin jimlar ruwan makonni huɗu da suka wuce. Kwafe shi sau da yawa, kana zame shi ƙasa da mako 2, 4, 6, 8, 10. Gwada kowanne da layin palu ta COEFFICIENT.CORRELATION. Wanda ya fi kusa da 1 shi ne jinkirin gundumarka.

Kada babban adadi ya ruɗe ka. Duk abubuwa biyu da ke zuwa da damina za su nuna dangantaka, ko da cinikin ɗanyar masara ne da palu. Gwajin gaskiya shi ne na bambancin shekaru: cire matsakaicin shekara biyar na kowane mako daga adadin makon, a ruwa da a palu, sannan ka sake aunawa. Wannan ne ke faɗa maka ko damina mai yawa tana kawo palu mai yawa a wurinka. Sau da yawa adadin yana raguwa sosai, kuma ba laifinka ba ne. A gefen tabkin Madarunfa, da fadamar Gulbin Maradi, da gonakin rani na Jiratawa, ruwa yana kwance ko sama ba ta zubo ba, palu kuma yana jan ƙafa har cikin sanyi. A tudun Mayahi labarin daban ne. Don haka ban yarda a ɗauki jinkirin wata gunduma a ɗora wa wata ba.

8. Gwada tauraro da ƙasa

Tauraro hasashe yake yi daga sanyin saman gajimare, kuma yana baje ruwa a kan gurbi gaba ɗaya. Mu kuwa mun san a birnin Maradi ruwa na iya sauka a unguwar Zariya ya bar unguwar Bagalam a bushe. Inda ya fi kuskure shi ne ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, irin wanda ya sauka a birnin Maradi a ƙarshen Agusta 2024 ya rushe gidaje ya yi asarar rayuka. Irin wannan yakan fito ƙarami a alƙaluman tauraro. Jera jimlar wata ta tasha da ta CHIRPS na damina uku. In suna hawa da sauka tare, ci gaba da aiki da shi. Amma kada ka cike gurbin wannan da adadin wancan a layi ɗaya, kuma kada ka gauraya tsohon fitowar CHIRPS da sabo.

Akwai kuma jira. Tabbataccen CHIRPS na wata yana fitowa ne sai cikin watan da ke biye, na wucin gadi ne ke zuwa da wuri. Don aikin mako-mako, babu kamar ma'auni a harabar CSI. In babu na roba irin na manoma, sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, kafa shi a kan turke a fili, nesa da itace da indararo. Zurfin ruwan da rula ta nuna da milimita shi ne ruwan da ya sauka, kuma milimita 1 daidai take da lita 1 a kan murabba'in mita. Yi fom a Kobo mai tambaya uku: cibiya, rana, milimita. Yana cika ba rezo, ya tura in an samu. Ka roƙi mai karantawa ya tura sifili ranar da ba a yi ruwa ba, kuma ka riƙa mayar masa da hoton da awonsa ya haifar. Wanda ba ya ganin amfanin abin da yake turawa, kafin Agusta ya daina.

9. Sa layin faɗakarwa, ka kai takarda inda za a yi aiki da ita

Ga kowane mako, jera adadin shekara biyar da suka wuce, ka fitar da na tsakiya da MEDIANE, da na kashi uku cikin huɗu da QUARTILE. Zana su biyu, ka ɗora layin bana a kai. In bana ya haura layin sama mako biyu a jere, kira majoji ka ji dalili, sannan ka sanar da babban likita. Wata hanyar ita ce matsakaici a ƙara masa ECARTYPE sau biyu, sai dai in akwai shekarar annoba cikin biyar ɗin, cire ta tukuna, don tana ɗaga layin har ya daina faɗakarwa.

A ce ka gano jinkirin gundumarka mako shida ne, ruwa kuma ya kankama a mako na 27. To palu zai hau wajen mako na 33, don haka odar TDR da ACT, wato ƙwayoyin maganin palu, da artesunate na allura, da kiran masu ba da jini, dole su kammala kafin mako na 31, ba ranar da baranda ta cika ba. Rubuta wannan a takarda ɗaya: hoto ɗaya, jimla uku, da abin da kake roƙo a yi da ranarsa. Kai ta taron gunduma na wata, ka tura hotonta a zauren WhatsApp na majoji. Ga magajin gari da masu gari, faɗa da baki da Hausa: unguwa kaza ruwa ya kwanta, mako kaza yara za su fara zuwa.

Da damina ta wuce, kada ka rufe fayil ɗin. Kwafe shi, ka sa sanƙarau a gurbin palu, laimar iska da zafi a gurbin ruwa, ka ƙara layin ranakun da hazo ya rufe gari, daga Disamba zuwa Yuni. Shi layinsa a shirye yake daga Hukumar Lafiya ta Duniya: ga yanki mai mutum 30.000 zuwa 100.000, mutum 3 cikin 100.000 a mako faɗakarwa ce, 10 kuma annoba. Gundumar da ta haura mutum 100.000 sai a raba ta yanki-yanki kafin a lissafa, in ba haka ba cutar na iya cin ƙauyuka biyar adadin gunduma bai motsa ba. Cibiyar ACMAD ta Yamai tana fitar da sanarwar yanayin sanƙarau a lokacin rani, ka riƙa ajiye ta gefen teburinka.

Kowace Juma'a ka adana kwafi a kile da kwanan wata a sunan fayil, ka bar ɗanyun fayilolin da ka sauke yadda suke ba tare da gyara ba. A shafin farko rubuta inda kowane layi ya fito, ranar da ka sauke shi, da duk makon da ka shafa wa launi da dalilinsa. Sannan ka zaunar da abokin aiki ɗaya ya yi mataki na 6 da na 7 da hannunsa kana kallo, tun takardar canjin wurin aiki ba ta iso ka ba.